Yadda zaka koyar da turanci ga samarin masana'anta a Japan

In kana zaune a Japan kana neman aikin koyar da turanci, abu biyu ne kowa zai fara nuna maka, ko makarantun koyon hira da suke cewa eikaiwa, ko mataimakin malami a makarantun gwamnati. Amma akwai na uku da ba'a cika maganarsa ba, shine a turaka cikin masana'anta ka koyar da yaran da aka ɗauka aiki, kuma indai kana yankin da masana'antu suka cika irin jihar Aichi inda Toyota da Denso suke, ko Hamamatsu wajen Suzuki, ko Ota ta jihar Gunma wajen Subaru, ko Hiroshima wajen Mazda, to ba wuya wata rana wannan aikin ya faɗo hannunka. Yawanci ba manyan bane zasu kiraka da kansu, wani kamfanin da yake tura malamai ne zai ɗauke ka, kuma sau da yawa inda za'a kaika ƙaramin kamfani ne mai ƙera wa manyan sassan mota, can bayan gari inda sai ka sauka daga jirgin ƙasa ka sake hawa bas.

Kafin komai dai ka duba katin zamanka. In bizar karatu gareka sai ka samo izinin aiki daga ofishin shige da fice, kuma awa 28 ne iyakarka a sati, sannan wasu tallafin karatun suna da nasu sharaɗin daban, ka karanta takardarka. In kuma bizarka ta koyarwa a makarantun gwamnati ce, bata haɗa da koyarwa a kamfani ba, sai ka nemi ƙarin izini. Kar kace ai awa biyu ne kawai a sati waye zai sani, Japan ba ƙasar da ake wasa da takarda bace.

To su waye zaka tarar a ajin? Yara ne 'yan shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai, yawancinsu maza, amma zaka ga mata jefi-jefi. A Japan ana ɗaukar sabbin ma'aikata ne gaba ɗaya a farkon watan Afrilu, saboda lokacin shekarar makaranta da shekarar kuɗi suke farawa, dan haka wanda ya gama sakandare a Maris, a Afrilu yana sanye da kayan aiki. Da yawansu daga sakandaren fasaha suka fito, kogyo koko, wasu kuma daga kosen, kwalejin fasahar nan ta shekara biyar da aka kafa tsarinta a 1962 wadda ake shiga da shekara 15 a fito da 20. Dukansu sunyi turanci aƙalla shekara shida a sakandare, tun 2020 ma an maida shi cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare. Amma ranar farko kana tambaya zakaji an ce maka "eigo wa nigate desu", wai turanci ba fanninsu bane, kuma wasu zasu gaya maka da bakinsu cewa dan su huta da turanci ma suka zaɓi makarantar fasaha. Ka riƙe abu ɗaya a ranka: ba su suka nemi ajin nan ba, kamfani ne ya rubuta sunansu. Amma fa kar kayi musu kallon marasa sani, kalmomi suna nan jibge a kansu, nahawu ma suna da shi daidai gwargwado, baki ne kawai bai saba buɗewa ba.

Shi kuma kamfanin me yake so? Nan ne aikin yake, domin in baka gano wannan ba zaka shekara kana koyar da yadda ake odar abinci a otal ga mutanen da abinda ke gabansu injin matse ƙarfe ne. Kamfanonin Japan sun daɗe da baza masana'antu a waje, Honda ta fara ƙera motoci a Marysville ta jihar Ohio a 1982, Nissan ta buɗe Sunderland a Ingila a 1986, Toyota ta fara fitar da mota a Georgetown ta Kentucky a 1988, balle kuma Tailan da Indonesiya da Indiya inda suka cika fal. Har wajenmu ma sun iso, Honda ta daɗe tana haɗa babura a Ota, ta jihar Ogun nake nufi ba ta Gunma ba, kuma a 2021 an buɗe wajen haɗa motocin Toyota a Tema ta Ghana. Tsarinsu shine masana'antar gida ita ce uwa, ita ke tura mutum yaje ya girka layi ko ya gyara inji ko ya koya wa ma'aikatan can, ita kuma ke karɓar waɗanda aka turo daga can su koyi aiki. Yaron nan mai sunkuyar da kai a bayan aji, nan da wasu shekaru shine za'a ɗora a jirgi a ce jeka Tailan wata uku. Ga kuma baƙin ma'aikata a cikin Japan ɗin kanta da suka haura miliyan 2 a 2023, kodayake da yawansu, irin 'yan Biyetnam da 'yan Burazil, da Japananci mai sauƙi ake magana dasu ba da turanci ba, dan haka ka tambaya kar ka ɗauka.

Tambayar kuma kar ka tsaya kan mutumin ofishin ma'aikata kaɗai, shi abinda zai ce maka bai wuce "muna so makinsu na TOEIC ya tashi" ba, wato jarrabawar auna turanci. Ka roƙa cikin ladabi a haɗaka da shugaban layi, hancho, ko shugaban sashe, kacho, ko na minti goma ne, kace masa yaushe ne rashin turanci ya taɓa kawo muku cikas? Amsar da zai baka ita ce manhajarka. Sannan ka roƙa a zaga dakai cikin masana'antar kafin darasin farko. Su da kansu suna da wannan aƙidar, genba suke cewa, wato wajen da ake ainihin aikin, kuma ba wanda zasu girmama irin wanda yace bari inje in gani da idona, ai gani ya kori ji. Za'a baka hula da tabarau da katin baƙo, wani wajen har takalmin aiki, ka bi layin masu tafiya a ƙasa da aka shata da fenti, kar ka sa hannu a aljihu, kar ka duba waya kana tafiya, ka kama ƙarfen bene in zaka hau, kar ka tsallaka hanya a karkace. A masana'antu da yawa, musamman na ɓangaren Toyota, an haɗa yawancin waɗannan dokokin a kalma ɗaya, poketenashi, zaka ganta a manne a bango. Hoto kuwa kar ma ka fara, haramun ne sai da izini. Littafi da biro kawai, ka rubuta duk abinda idonka ya gani: sunan inji, fitilun da ke saman layi masu kore da rawaya da ja, kwandon jan da ake jefa kayan da suka lalace, allon da ake manna rahoton haɗarin da aka tsallake rijiya da baya. In sun yarda su baka kwafin takardar matakan aiki guda ɗaya ko da an goge lambobin sirri, ka samu littafin koyarwarka.

Ni a ganina abu uku ne ya kamata yaro ya iya da turanci kafin a ce anci riba: ya iya tsaida aiki ya kira taimako, ya iya bada rahoton matsala, ya iya koya wa wani aiki mataki-mataki. Sauran duk ƙari ne. Kuma daɗin abun shine ukun nan duk sun riga sun iya su da Japananci, an horar dasu a kai tun satin farko. Dokar da ake cusa wa kowane sabon ma'aikaci in yaga wani abu ba daidai ba ita ce tomeru, yobu, matsu, ka tsayar, ka kira, ka jira, wato kar ka sa hannu kace zaka gyara da kanka. To darasinka na farko kenan, Stop, call, wait. Sai ka ɗora musu jimlolin da ake ihu dasu: Watch out, Don't touch, Stop the line, Turn it off, Are you OK. Ka sa su miƙe tsaye su faɗa da ƙarfi kamar ana ƙarar inji, domin a cikin masana'anta ba'a raɗa, kuma zaka sha mamaki, yaron da in ka tambayeshi sunansa a zaune sai ka kasa kunne, in akace ihun tsaro ne sai ya cika ɗaki, tunda abu ne da yake yi kullum da safe.

Haka zaka ari duk al'adarsu ka sa mata rigar turanci. Suna fara aiki da taron safe a tsaye, chorei, wasu wuraren da motsa jiki da ake yi ana bin muryar rediyo, to kaima ka buɗe aji da taron minti biyar a tsaye: mutum ɗaya ya faɗi kwanan wata da yanayin gari da abu ɗaya na tsaro da za'a kula dashi yau, sati mai zuwa wani, a jere bisa tsarin suna yadda kowa ya san ranarsa tun da wuri ya shirya. Suna da nuni da kira, wanda asalinsa daga ma'aikatan jirgin ƙasa ne, mutum ya nuna abu da yatsa ya ambace shi yace "yoshi!", to a ajinka ya zama Power off, OK! Door closed, OK! Suna da horon hango haɗari da suke kira KYT, a nuna hoton wajen aiki a ce me zai iya faruwa a nan? Wannan kam kyauta ce aka baka, da hoto ɗaya zaka koyar da might da could da if ba tare da ka taɓa rubuta sunan ƙa'idar nahawu a allo ba. He might slip. The box could fall. Shikenan.

Wanda yafi kowanne aiki a wajena shine darasin koya wa wani aiki, bari in ɗan tsaya a kansa. Akwai wani tsarin horo da ake kira TWI, Amurka ce ta ƙirƙiro shi lokacin yaƙin duniya na biyu dan a koya wa sabbin hannu aikin masana'anta da sauri, bayan yaƙin ya shigo Japan, Toyota da wasu suka rungume shi har yau. A tsarin, mai koyarwa yana raba aiki gida uku: matakin, da abin lura a matakin, da dalilin abin luran. Ya nuna aikin yana faɗin matakai, ya sake yana faɗin abin lura, ya sake yana faɗin dalilai, sannan mai koyo yayi shima yana faɗa. To ka sayo kaya masu araha a shagon yen ɗari: biro mai buɗewa, tocila, 'yan noti da wosha, ko bulon wasan yara. Ka zaunar dasu biyu-biyu, ka tsaida fayil a tsakaninsu yadda ɗaya baya ganin hannun ɗaya. Na dama yana da tocila a haɗe da takardar da ya cike da kansa, na hagu yana da ita a wargaje. Na dama zai ce First, put in the battery. Sai yayi shiru, ya kalli takarda, ya ƙara da Plus side up. Na hagu ya juya batir a hannu, ya ɗaga kai yace Up? Which up? Dariya ta ɓarke, na dama ya fara zana da'ira a iska da yatsa, kai kuma kace a'a hannu a ƙasa, da baki. Sai ya dafe kai yayi tsaki irin nasu na jan iska ta haƙori, can yace Plus side... to the light. Na hagu ya saka, ya murɗa, ya danna, in ta kama wuta zakaji "oooh" daga teburin gaba ɗaya, in bata kama ba ba kai zaka ce an yi kuskure ba, tocilar ce ta faɗa, kuma su mutane ne da basa iya barin abu bai yi aiki ba, zasu koma su binciko inda maganar ta karkace. Jimlolin da suke buƙata kaɗan ne: First, Next, Then, Make sure, Be careful not to, da because. Bayan sati kaɗan sai ka ajiye tocila kace kowa ya kawo mataki uku daga ainihin aikinsa na layi. A nan kai zaka koma ɗalibi, domin sun fika sanin aikin nesa ba kusa ba, ka tambaya tsakani da Allah, meyasa ake fara ɗaure wannan kafin wancan? Zakaga yaro ya miƙe ya nufi allo da kansa.

Maganar shiru kuma, kowa sai ya gamu da ita. In ka jefa tambaya ga aji gaba ɗaya ba mai amsawa, in kace akwai mai tambaya ba mai motsi, ba raini bane ba kuma rashin fahimta bane kullum. Wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa a gida yaga yadda yaro baya buɗe baki gaban ogansa ko da ya san inda motar take ciwo, to ya fahimci rabin abun, domin nan ma akwai senpai da kohai, na gaba da na baya, kuma wanda ya rigaka shiga kamfani da shekara ɗaya tak na gaba ne. Ƙaramin bazai so ya nuna yafi babban iya turanci ba, babban bazai so ya kwafsa gaban ƙaramin ba, sai kowa ya kame. Maganinsa: ka roƙa kar a haɗa maka shugabanni da yaransu a aji ɗaya in zai yiwu, ka basu minti ɗaya su rubuta kafin su faɗa, su fara gwadawa da na kusa dasu, sannan ka kira mutum da sunansa. Da sunan gidansu zaka kira ka ƙara san a ƙarshe, su kuma sensei, wato malam, zasu ce maka, kar ka tilasta musu sunayen turawa ko kiran juna da sunan yanka, abun yana musu nauyi. Wa zai fara? Janken, wasan nan na dutse da almakashi da takarda, dashi ake raba kowace gardama a Japan kuma ba mai jin an zalunce shi. Ɗayan abun shine mutanen da aka horar cewa kuskure ɗaya kaya ne ya lalace, suna ɗaukar jimla mai kuskure kamar kayan da za'a jefa a jan kwando, gara kar su fitar da ita. Sai ka gaya musu ƙarara cewa a ajin nan gwaji ake yi, ba kayan kwastoma ake fitarwa ba, kuma abinda zaka fi bawa maki shine wanda yace Once more, please ko Slowly, please ko Do you mean this one, domin a wajen aiki wanda ya gyaɗa kai bai gane ba shine mai jawo asara. Wajen duba takarda kuma ka sani da'ira ce alamar daidai a wajensu, maru, alamar nan tamu ta daidai kuwa malamansu a kan kuskure suke yinta, in ka cika wa yaro takarda da ita sai ya zata ya faɗi warwas.

Furuci kar ka ɓata lokaci kana son maida su 'yan Landan. Harshensu kusan kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, dan haka suna cusa wasali a kalmar turanci, kuma Bahaushe ya fi kowa gane wannan tunda mu ma haka muka samu direba da burodi da sukurudireba, su kuma suna cewa doraiba. Ana ganewa, ka barshi. Ka kama waɗanda zasu iya jawo ɓarna kawai: right da light, lock da rock, bolt da volt, work da walk, seat da sheet, sai kuma babbar matsalar, thirteen da thirty, fifteen da fifty. Wannan ta ƙarshen ka koya musu dabarar tabbatarwa, one-five ko five-zero, a maimaita har ya zame musu jiki. Kai kuma malam ka sa ido a naka bakin, pull da full, pin da fin, pan da fan, tunda p da f ɗinmu sukan haɗe, kuma a masana'anta pull kalma ce ta kullum. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara kafin ka shiga aji.

Lambobi su ma darasi ne mai zaman kansa wanda littattafai suke tsallakewa da sauri. Su da dubu goma-goma suke ƙirga manyan lambobi, man suke cewa, dubu ɗari a wajensu man goma ne, miliyan ɗaya man ɗari, dan haka in kace one hundred thousand sai kaga ido ya tafi sama ana lissafi. Kullum ka ware minti biyar: ɗaya ya karanta lamba ɗaya ya rubuta, da ɗigo, da milimita, da plus or minus, da lambar kaya mai haɗe da haruffa inda B da V da D, ko M da N suke rikicewa. Kwanan wata ma haka, Japan shekara take farawa sai wata sai rana, Ba'amurke in ya rubuta 04/05 biyar ga Afrilu yake nufi, Bature ɗan Ingila da mu kuma huɗu ga Mayu, to ka koya musu su dinga rubuta sunan watan da haruffa a saƙo. Wanda za'a tura Amurka kuma ya san zai haɗu da inci.

Akwai kuma kalmomin da suke zaton turanci ne alhali a Japan aka ƙera su ko aka sauya musu ma'ana. Soket ɗin bango konsento suke ce masa, filaya penchi, sukurudireba mai kan kuros purasu doraiba, mai faɗin kai mainasu doraiba, ƙorafin kwastoma kuremu. Ka sa su tara maka irinsu daga layinsu a yi allo guda, suna jin daɗin wannan sosai. Amma kalmomin Japananci na tsarin aikin masana'anta irin kaizen da kanban da andon da poka-yoke kar ka wahalar da kowa da fassara, sun riga sun shiga turancin masana'antu a duniya. Sai tambaya mai korewa, wadda ita kam haɗari ce: in akace You didn't lock it? ɗan Japan zai ce yes yana nufin eh ban kulle ba, daidai yadda muke amsawa da Hausa, Bature kuma yaji yes ya ɗauka an kulle. Ka hana su amsa da yes ko no tsura, su cika: I locked it, ko I didn't lock it.

TOEIC fa? Ba yadda zakayi ka guje mata, a Japan aka fara yinta a 1979 kuma kamfanoni da yawa da ita suke auna ƙarin girma da tura mutum waje, musamman tun da Rakuten ta sanar a 2010 cewa turanci zai zama harshen aikinta abun ya ƙara zafi. Tambaya 200 ce a awa biyu, minti 45 saurare minti 75 karatu, maki daga 10 zuwa 990, kuma ba magana a cikinta ko kaɗan, turancin ofis ne da taro da tafiye-tafiye. Ga yaron da ke farawa wannan azaba ce kawai, rabin takardar canka zai yi. In kana da bakin magana ka bada shawarar TOEIC Bridge wadda aka yi dan masu farawa. In an dage, ka ware mata kashi ɗaya cikin uku na lokaci, ka fi karkata ga ɓangaren saurare da gajerun tambayoyi inda maki yafi saurin motsi, kuma tun farko ka gaya wa ofis a rubuce cewa awa ɗaya ko biyu a sati bata ɗaga maki da yawa cikin wata uku, kar a zo ƙarshe a ɗora maka.

Barci zasu yi, ka sa a ranka. Masana'antu da yawa sati guda aikin rana sati guda na dare suke juyawa, ga obataya, wani daga layi ya taho kai tsaye hannunsa na warin mai. Ka karɓi jadawalin shif ɗinsu, satin dare ka rage karatu ka ƙara tsayuwa da motsi, kar wani abu ya wuce minti goma ba'a canza ba. Aikin gida kuma kar ya wuce abinda za'a yi a waya cikin minti biyar a ɗakin kwanan kamfani, jimla uku kan abinda ya faru a layi yau ta isa.

Wani lokacin za'a yi maka kallon "ai mun zata Ba'amurke za'a turo". Kar ka tsargu kar kuma ka fara lanƙwasa harshe, amsarka a shirye take: waɗanda yaran nan zasu yi aiki dasu 'yan Tailan ne da Indiya da Indonesiya da Filifin, kowa da irin turancinsa, dan haka kunnen da ya saba da murya iri-iri shi ake nema, kuma ka cika maganar da aiki, ka dinga kawo musu muryoyin mutanen ƙasashen nan suna saurare. Su yaran tambayoyinsu akan Afirka zasu baka dariya wasu su baka haushi, ka maida su darasi, su tambaya da turanci ka amsa, in ka gaya musu yadda Corolla da Hilux suke cika titunan Kano da Yamai har sai an ga fuskarsu ta canza. In an gayyaceka walimar shaye-shaye ta bayan aiki, kaje in kana so ka sha shayin oolong, faɗin cewa addini ya hana ya wadatar, dama ɗalibanka 'yan ƙasa da shekara 20 doka bata basu damar sha ba. Sallah kuma ka faɗa wa mai kula dakai tun farko, yawanci za'a nuna maka wani ɗakin taro da ba kowa.

Ka iso minti goma sha biyar kafin lokaci domin sa hannu a ƙofa kaɗai yana cin lokaci, ka tashi aji a kan minti, ka goge allo ka maida kujeru yadda ka same su, mutanen 5S ne, wato tsarinsu na tsafta da ajiye komai a mazauninsa, suna lura. Ka karɓi kalandar kamfanin, ta ɓangaren motoci takan saɓa da ta gwamnati, ana aiki ranar hutun ƙasa sannan a rufe dogon hutu a Golden Week, wato hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da bikin Obon na tsakiyar Agusta da sabuwar shekara. Bayan kowane darasi ka tura gajeren rahoto, wa ya zo, me akayi, me za'a yi gaba. Ƙarshen zango kuma ka shirya taron gabatarwa: kowane yaro minti uku, ya bayyana gyara ɗaya da yayi a wajen aikinsa, yadda abun yake da, matsalar, abinda ya canza, sakamakon, da zane a takarda ɗaya, sannan abokansa su yi masa tambaya biyu da aka shirya da ɗaya da ba'a shirya ba. Ka gayyaci kacho da mutumin ofishin ma'aikata su zauna a baya. Ka sa taron ya faɗo a Janairu ko farkon Fabrairu, domin shekarar kuɗinsu a ƙarshen Maris take rufewa kuma a watannin nan ake yanke shawarar ko za'a sabunta kwantiragin ajin, sannan a rahotonka na ƙarshe ka haɗa da shawarar abinda sabbin da zasu shigo a Afrilu zasu fara dashi.